Gyaran injin moto: raƙumin kaya ko dokin sukuwa?

Batunmu na wannan mako ya shafi wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, wanda yawancin masu moto ba su taɓa gani da idonsu ba, alhali kuwa shi ne ke yanke hukunci ko moto zai fita daga rairayi da buhu biyu a bayansa, ko kuwa zai tsaya yana tari. Makanisai na wajenmu suna kiransa arbarakam, sunan da suka aro daga Faransanci. Takwarorinsu na Jibiya da Katsina suna cewa kamshaf. Mu za mu taƙaita, mu ce kam. Tare da shi akwai wasu sanduna biyu sirara, tij a bakin ƴan garaji, waɗanda ke ɗaukar saƙonsa zuwa kan inji.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, a ƴan shekarun nan wayar salula ta cika da hotuna masu motsi na samarin wasu ƙasashe da ke cire kam ɗin da moto ya zo da shi, su saka wani mai babban tozo, inji ya riƙa ruri tamkar na ƴan tsere. Mai sayar da irin wannan kaya kuwa ba ya rasa daɗin baki: ƙara ƴan jikkuna, motonka ya zama tsuntsu. To, amma wa ake faɗa wa wannan magana? Ɗan kasuwar Cadakori ne da ke bin kasuwannin ƙauye da buhun wake ko na gujiya. Mushen lakkol ne da ke keta jigawa zuwa Gidan Rumji ko Maraɗi. Majon gidan likita ne da ke kai akwatin allurar rigakafi ƙauyukan da mota ba ta shiga. Ɗan kabu-kabu ne na Agye ko Gazawa da iyalinsa ke jiran abin da zai kawo da maraice. Ga waɗannan mutane moto jari ne. Wani sai da ya sayar da sa, wani sai da ya ci bashin wata da watanni kafin ya mallake shi, kuma kuskure guda a cikin injinsa yana iya cinye ribar kaka ɗungum.

Yadda abin yake aiki

Inji mai bugu huɗu yana numfashi ne kamar ɗan adam. A kansa, wato kulas, akwai ƙofofi biyu da ake kira supap ko bawul: ɗaya ta shigar iska da mai, ɗaya ta fitar hayaƙi. Pisto ya sauka ya zuƙo, ya hau ya matse, buji ya ba da wuta ya koro shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Mai gadin waɗannan ƙofofi shi ne kam. Ƙarfe ne mai juyawa, da tozo a gefe guda kamar na raƙumi. Duk lokacin da tozon ya zagayo sai ya yi turi, ƙofa ta buɗe, in ya wuce sai naɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle, wato resor, ya mayar da ita. Kam yana juyi ɗaya ne a cikin kowane juyi biyu na karanshaf, babban ƙarfen nan da pisto ke murzawa. Ke nan idan inji yana juyi 6000 a minti, kowace ƙofa tana buɗewa tana rufewa sau 50 a daƙiƙa guda. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin shi ne ke bayyana dalilin da ƙaramin kuskure a nan yake zama babbar ɓarna.

Wuri biyu ake aje kam. A wasu babura, kamar Bajaj Boxer na ƙasar Indiya, yana can bisa a cikin kulas, wata siririyar sarƙa ce ke jan sa. A wasu kuma yana ƙasa kusa da karanshaf, haƙoran ƙarfe ne ke juya shi, sai a yi amfani da sanduna don kai turin bisa. Tozo ya tura wani ɗan takalmin ƙarfe, takalmi ya tura sanda, sanda ta ɗaga gindin kulbitar. Shi kuwa kulbitar aikinsa irin na jigon lambu ne: gefe ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka ya danna supap. Wannan iri na biyu shi muke magana a kansa. Tsofaffin babura masu bugu biyu, irin su Mobylette da Yamaha DT da ma'aikatan gona da na gandun daji suka daɗe suna hawa, su ba su da kam ba su da supap, don haka babu ruwansu da zancen yau.

An yi shi ne domin hanya irin tamu

Wannan inji mai sanduna yana da tarihi da ya kamata kowane mai moto ya sani. A shekara ta 1974 kamfanin Honda na Japan ya lura cewa baburansa masu kam a bisa suna saurin lalacewa a ƙasashe masu tasowa, sai ya aika da wasu ƙwararrunsa biyu, Takeshi Inagaki da Einosuke Miyachi, su zagaya ƙasashe irin su Tailan, Indunusiya, Filifin da Pakistan su ga abin da ke faruwa. Abin da suka tarar ba baƙo ba ne gare mu: mutum uku ko huɗu bisa moto guda, kaya fiye da kima, man inji ya yi baƙi ya yi kauri ba a canza ba, matatar iska ta toshe da ƙura. Kam da ke bisa shi ne na ƙarshe da mai ke isa gare shi, don haka shi ne ke fara cinyewa.

Daga wannan tafiya aka haifi Honda CG125 a 1975. An sauko da kam ƙasa inda mai yake, an cire sarƙarsa, an sa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Hasali ma tozo guda ɗaya tak aka yi masa, shi ke buɗe supap na shiga, shi ke buɗe na fita, ta hanyar takalma biyu. Ƙarfinsa bai wuce na doki wajen 11 ba, amma yana da haƙuri. An shiga ƙera shi a birnin Manaus na Barazil tun 1976, aka ƙera shi a Pakistan, a Filifin kuma danginsa ne suka ja kekunan haya masu ƙafa uku shekara da shekaru. Daga baya masana'antun ƙasar Sin suka kwaikwaye shi, suka yi ta fitar da shi da sunaye barkatai. Bayan karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994 moton Japan ya fi ƙarfin talaka da ƙaramin ma'aikaci, kuma da na Sin suka shigo da araha a farkon shekarun 2000 sai suka mamaye birni da ƙauye. Da yawa daga cikin masu lamba 125 da 150 da ke kai da kawowa tsakanin Cadakori da Tibiri, kowane suna aka liƙa a tankinsu, jikokin wannan inji ne.

Saboda haka wanda ya ce zai gyara wa wannan inji hali, ya sani cewa halin da yake da shi da gangan aka ba shi.

Abin da babban tozo ke bayarwa da abin da yake karɓewa

Kam na tsere ya bambanta da na asali ta hanya biyu: tozonsa ya fi tsawo, don ƙofa ta buɗe sosai, kuma ya fi faɗi, don ta daɗe a buɗe. Idan inji yana gudu matuƙa, iskar da ke shiga tana da ƙarfin kanta, tana ci gaba da kwarara cikin silinda ko da pisto ya fara hawa. A nan jinkirin rufe ƙofa riba ce. Amma idan inji yana tafiya sannu, iskar ba ta da wannan ƙarfi, sai pisto ya koro wani sashe nata baya ta ƙofar da ba a rufe ba tukuna. Abin da ya rage a matse ya ragu, bugun ya yi rauni. Bugu da ƙari akwai ɗan lokacin da ƙofofin biyu suke buɗe tare, kuma babban tozo yana tsawaita shi, har ɗanyen mai ya riƙa bin hayaƙi yana fita ba a ƙone shi ba.

A taƙaice, babban kam yana ɗauke ƙarfi ne daga ƙasa ya kai shi bisa. To, ina ne mutumin Cadakori yake bukatar ƙarfi? Gudron da ya ratsa Gidan Rumji, ya bi ta Agye da Gazawa zuwa Tasawa, layi guda ne. Da ka sauka daga kansa, ko daga hanyar Dakwaro, sai rairayi da jigawa da kwazazzabai, da damina kuma ga laka a bakin gulbi. A nan moto yana tashi ne daga tsaye da kaya mai nauyi, yana hawa tudu da giya ta ɗaya ko ta biyu. Injin da aka raba da ƙarfinsa na ƙasa sai an yi ta ba shi wuta ana riƙe da rabin kuloci kafin ya motsa. Faifan kuloci su ƙone, inji ya ɗauki zafi, ga shi iska ce kaɗai ke sanyaya shi, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Mai kuma ya riƙa tafiya kamar an huda tanki, alhali tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kwalbar ruwa-ruwa ta daina zama abin wasa. An je neman ƙiba ke nan an samo rama.

Akwai kuma haɗarin da ba a faɗa wa mai saye. Tun da tozo guda ne ke hidimar ƙofofin biyu, ba za a iya gyara lokacin shiga a bar na fita ba. Abin da ka yi wa ɗaya ka yi wa ɗayan. Tozon da ya cika tsawo yana iya matse resor har ya ƙure, ko ya sa supap ya gamu da kan pisto. Sanduna da kulbitar kuma suna da nauyi, in an tilasta musu gudun da ya fi ƙarfinsu resor ba ya iya mayar da su a kan lokaci. Ranar da supap ya sumbaci pisto, ba kam kaɗai za a saya ba.

Darasi daga masu kuɗin Amurka

Kada a ce wannan ra'ayin talaka ne da ba ya son kashe kuɗi. A birnin Milwaukee na Amurka akwai kamfanin Harley-Davidson, wanda aka kafa a 1903, mai ƙera manyan baburan doguwar tafiya da nauyinsu ya haura kilo 350. Manyan injunan waɗannan babura masu sanduna ne: wanda ake kira Twin Cam ya fito da baburan 1999, sannan Milwaukee-Eight ya gaje shi a 2016, da girman silinda fiye da na moton 125 sau goma sha uku. Canza kam sana'a ce babba a wurin masu hawansu, har akan sayar da sanduna masu zare da ake tsawaitawa ko a gajarta, don a saka su ba tare da an kwance kan inji ba. Kam ɗin da ake tallata musu iri biyu ne, na ja da na gudu. Shawarar da masana ke ba wanda ke ɗaukar matarsa da akwatuna ya keta ƙasa ita ce ya zaɓi na ja, mai rufe ƙofar shiga da wuri, ya bar na gudu ga ƴan tsere. Kuma duk wanda ya canza kam a can, sai ya sake daidaita yadda inji ke shan mai, wani lokaci ya canza resor, ya biya ƙwararre ya auna aikin bisa na'ura.

Idan mai babur da ke bin shimfiɗaɗɗen gudro yana fifita ja bisa gudu saboda nauyin kayansa, ina ga wanda ke ɗauke da buhun aya biyu cikin rairayin Gazawa? In ana maganar moton doguwar tafiya da kaya, namu ne na gaskiya.

Zaɓen sanduna

Ko mutum bai taɓa tunanin tsere ba, wata rana kam zai cinye ko sanda ta lanƙwashe, dole a saya. A nan abubuwa uku ne abin dubawa.

Na farko tsawo. Sandar CG125 ta asali tana da milimita 141 da ɗoriya kaɗan. Injunan Sin masu lamba 200 silindarsu ta fi tsawo, sandunansu ma haka, kuma a ido bambancin wasu ba ya fitowa sosai. Sandar da ta cika tsawo tana hana supap zama daram a mazauninsa, wuta ta riƙa lasar bakinsa har ya ƙone. Wadda ta gaza kuma tana karkatar da kulbitar, ya riƙa danna supap a gefe yana cin hanyarsa. Tsawon da ake bukata yana canzawa idan an taɓa goge fuskar kulas, ko an sa gasket mai kauri daban, ko kuma kam ɗin irin wanda aka fere bayansa ne don tozon ya fito. Wannan na ƙarshe ma a guje shi, domin taurin kam a fatarsa yake, in an fere fatar abin da ke ciki ba ya jimiri. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tafi kanti da tsohuwar sandarka mai lafiya, a jera su, in da ma'auni a auna.

Na biyu irin ƙarfen. Sandunan asali na sanholo ne, wato alminiyom, da kawunan baƙin ƙarfe masu tauri. Wasu suna ganin sandar baƙin ƙarfe zalla ta fi, tun da ta fi nauyi a hannu. Ga lissafin: sandar sanholo mai milimita 141, in zafinta ya ƙaru da digiri 100, tana ƙara tsawo da kusan kashi 32 cikin ɗari na milimita, ta baƙin ƙarfe kuwa kashi 17 kawai. Silinda ita ma jikinta sanholo ne, an so ne su miƙe tare. Bambancin kashi 15 ɗin nan ya kusa ninka ratar da Honda ya ƙayyade tsakanin kulbitar da supap, wato kashi 8 cikin ɗari na milimita. Ke nan sandar da ba ta dace ba tana iya zama daidai da safe, da hantsi kuma inji ya kama ƙara kamar maƙera.

Na uku miƙewa da lafiyar kawuna. A gangara sandar bisa gilashi ko madubi. In tana tsalle ko haske na wucewa ƙarƙashinta, ta lanƙwashe. A duba kawunan, kada su zama masu motsi ko masu rami. Sandar da ta lanƙwashe ba a miƙe ta da guduma, kuma kafin a sa sabuwa sai a nemi abin da ya lanƙwasa ta, sau da yawa supap ne ya kafe.

Abin da za ka tsaya a kansa a garaji

Ɗan kasuwa ba ya karɓar buhu sai ya soka ya gani, ma'aikaci ba ya sa hannu sai ya karanta. Haka ya kamata a yi a gaban makanike, cikin girmamawa. In za a canza kam, a canza shi tare da takalmansa biyu, domin tsohon takalmi mai zane yana cinye sabon tozo cikin ƴan makonni. A tabbata ɗigon da ke kan haƙoran kam ya yi daidai da na karanshaf. Haƙori guda in ya goce, lokacin ƙofofin duka ya goce. A shafa wa tozo da kawunan sanduna mai kafin a rufe. A daidaita ratar supap inji yana da sanyi, pisto yana bisa a bugun matsa, alamar T tana daidai da tsagarta, kuma a yi awon da ƴan fallayen ƙarfen nan da ake kira kal. Kunne da yatsa ba sa gane kashi 8 cikin ɗari na milimita, komai daɗewar mutum a sana'a. Sannan kafin a taka kik, a cire buji a juya inji da hannu sau biyu cikakku. In an ji ya tokare, a tsaya.

Masu moto da yawa suna matsa wa makanike ya ɗaure supap har inji ya yi tsit. Wannan shirun tsada gare shi. Ɗan ƙaramin kaskas da inji mai sanduna ke yi alamar akwai rata ce, kuma ratar ce ke barin supap ya zauna ya sauke zafinsa a jikin kulas.

Bayan haka sai abin da ya fi kowane kam muhimmanci, wato bidanj. Man da ke cikin wannan inji bai wuce wajen lita guda ba, shi ke shafe kam, shi ke jiƙa kuloci, shi ke hidimar giya. A lokacin hunturu da buji ke tashi, ƙurar da ta tsallake matatar iska tana komawa cikin man ta mayar da shi kamar dutsen wasa wuƙa. A canza shi a kan kari, a wanke ƴar ragar da ke tace shi, a wanke soson iska a shafa masa ɗan mai, a kuma yi hattara da man da ake aunawa daga jarkar da ba a san asalinta ba. Kuɗin bidanj na shekara guda bai kai na kwance inji sau ɗaya ba.

Wanda kuwa yake jin motonsa ya gaza wajen ja, akwai maganin da ba ya bukatar a buɗe inji: a ƙara girman faifai mai haƙora na ƙafar baya. Misali, daga haƙora 38 zuwa 41 ja yana ƙaruwa da kusan kashi 8 cikin ɗari, gudun ƙoli ya ragu da kwatankwacin haka, kuma in bai yi maka ba ka mayar da tsohon cikin awa guda. In hakan bai isa ba, to kayan ne suka fi ƙarfin moton, sai a tara a sayi mai lamba 150, ko a raba kayan sawu biyu.

Dokin sukuwa yana da ranarsa, ranar salla ce a ƙofar fada. Sauran kwanakin shekara kuwa, mai kai gero kasuwa raƙumi yake nema. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.